Labarin Agogo a Tambayi Fuska

Ranar 26 ga Oktoba, 2017, a birnin New York, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da wani agogon hannu na ƙarfe, babu zinare babu lu'ulu'u a jikinsa, a kan dala miliyan 17 da dubu 752 da 500. Rolex Daytona ne mai lamba 6239, wanda ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman ya yi shekaru yana ɗaurawa. Kowa ya san yawancin kuɗin nan sunan mai agogon aka saya, don haka a ajiye wannan guda ɗaya gefe. A ɗauko wasu Daytona biyu na shekarun 1960, injinsu ɗaya, gidansu ɗaya, madaurinsu ɗaya. Ɗaya yana da fuskar da aka saba gani, ɗaya kuma yana da irin fuskar da yanzu ake kira da sunan Newman. Na biyun sai ya ninka na farkon kuɗi ninkin-ba-ninkin. Bambancin duka yana kan wani faifan tagulla da kaurinsa bai wuce rabin milimita ba.

Abin dariya, lokacin da fuskar nan take sabuwa ba mai sonta. Ta sha zama a kanti, masu saye suna ganin ta cika kwalliya: lambobi masu wani irin salo, 'yan sanduna masu kan murabba'i a cikin ƙananan da'irori, ga wata 'yar matakala da ta raba tsakiyar fuskar da layin mintocin gefe, wanda aka yi wa launi daban. Kuma ba Rolex ne ya ƙera ta da hannunsa ba. Wani kamfanin yin fuskar agogo ne mai suna Singer, a garin La Chaux-de-Fonds cikin tsaunukan Jura na Suwizalan, wanda yake yi wa Omega da Heuer ma aiki. Sunansa yana bayan faifan, inda mai agogo ba zai taɓa gani ba sai an kwance masa shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To me ake gani a fuskar agogo har take wannan daraja? Da wane ma'auni mutum zai raba aikin ƙwarai da ƙyale-ƙyalin banza? Tambayar ta fi nauyi a kan kuronogiraf, wato agogon da bayan nuna lokaci yake da maɓallai a gefe: ka danna na sama ya fara awo, ka sake dannawa ya tsaya, ka danna na ƙasa hannayen awon su koma sifiri. Ina maganar na inji zalla, mai sifirin da ƙafafu masu haƙora, wanda bai san batir ba.

Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa mai rubuta lokaci, kuma da fari rubutun gaske ake nufi. A 1821 wani maƙerin agogo na Faransa, Nicolas Rieussec, ya kai wani akwati filin sukuwar dawaki na Champ de Mars a birnin Paris. A cikin akwatin fuskar ce take juyawa, wata allura mai tawada tana tsaye a kanta. Doki yana ƙetare layi sai a danna, allurar ta ɗiga tawada, daga baya a zo a karanta. Akwai wanda ya riga shi ƙera agogon awon gajeren lokaci, Louis Moinet, a 1816, don duban taurari, amma sunan na Rieussec ne ya zauna. Tun ranar farko ke nan fuskar wannan agogo allo ce da ake karatu a kai. Wanda ya manta da haka zai yi ta yabon abin da bai kamata a yaba ba.

Agogo na yau da kullum hannu uku gare shi da alamu goma sha biyu. Kuronogiraf kuwa, a fili ɗaya da bai fi bakin kofin shayi ba, sai ya ɗauki hannu shida, da ƙananan da'irori biyu ko uku, mu kira su idanu: na sakan mai tafiya kullum, na ƙirgen mintocin awo, wani lokaci da na sa'o'i. Sannan ga ma'aunan gefe. Takimita tana auna gudu: ka danna a farkon kilomita, ka tsayar a ƙarshenta, hannun ya nuna maka gudunka a sa'a. Lissafin shi ne a raba 3,600 da yawan sakan ɗin da aka ɗauka, don haka sakan 30 yana kan 120, sakan 45 yana kan 80. Telemita tana auna nisa da tafiyar sauti, wanda yake cin kilomita ɗaya cikin kusan sakan uku. Sojojin atilare sun yi aiki da ita tsakanin hasken igwa da ƙararta, kai ma za ka iya tsakanin walƙiya da tsawa in damina ta kankama. Akwai ta likitoci, wadda za ka ƙirga bugun jini 15 ko 30 ka tsayar, ta faɗa maka bugun minti guda. Kowane layi a cikin waɗannan yana da gurbin da lissafi ya ba shi. Mai zane ba shi da ikon matsar da shi don ya fi kyau.

Saboda haka abin da nake fara tambayar fuskar kuronogiraf shi ne ko tana faɗin gaskiya. Ga misali ƙarami. Hannun sakan na agogon inji ba ya tafiya sumul, taku yake yi, kuma yawan takun yana bin bugun injin. Injin da yake bugu 18,000 a sa'a yana taku biyar a sakan. Mai 21,600 yana shida, mai 28,800 takwas, mai 36,000 goma. Idan an raba kowane sakan gida biyar a fuska alhali injin yana taku shida, hannun zai riƙa tsayawa a tsakanin layuka, karatun ya zama kame-kame. Omega Speedmaster, agogon da ya fito a 1957, wanda hukumar NASA ta amince da shi a 1965, wanda Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a Yulin 1969, ya yi shekaru fiye da hamsin da wannan tabon. Injinsa na farko mai lamba 321 yana taku biyar, fuskar ma gida biyar. A ƙarshen shekarun 1960 aka koma inji mai taku shida, aka bar fuskar yadda take. Sai a 2021 aka raba sakan ɗin gida uku don layi ya dace da taku. Mutum dubu za su ɗaura agogon ba su lura ba. Amma wanda ya zauna ya gyara wannan, shi ne ya san aikin da fuska take yi.

Haka batun wurin zaman idanu. Kowane ido yana kan wani ɗan sanda ne da ya ɓullo daga cikin inji, inda injin ya ajiye shi nan zai zauna. Injin Valjoux 7750 da ya fito a shekarun 1970, wanda kamfanoni da yawa suke saye su sa a agogonsu, a tsarinsa na asali yana ajiye idanu a kan ƙarfe 6 da 9 da 12, har masana suna gane shi daga nesa. Wannan ba aibu ba ne. Aibun ya zo ne lokacin da aka shiga yayin manyan agoguna, aka riƙa ɗaukar ƙaramin inji ana sa shi a ƙaton gida. Sai ka ga idanun sun taru a tsakiya kamar mai harara garke, gefe kuma fili fetal an cike shi da manyan lambobi. Ko an yi fuskar da zinare, wannan ba ya ɓoyuwa. Ita kuma tagar kwanan wata da ake yankawa a karkace tsakanin ƙarfe 4 da 5, ni dai har yau ban ga inda ta ƙara wa fuska mutunci ba, ko da yake kamfanin Zenith ya yi ta tun 1969 a agogonsa El Primero kuma masoyansa sun yafe masa. Sun kuma yafe masa idanunsa uku masu launi uku, shuɗi da toka mai haske da toka mai duhu, waɗanda suke hawan juna har ɗaya ya cinye wasu layukan ɗan'uwansa. Kyakkyawar fuska ce, ba musu, amma ta sayar da ɗan karatu ta sayi ado.

Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka rage kaya. Omega ya kwashe takimita daga fuska ya mai da ita kan zoben waje, Rolex ya bi sahu a Daytona a 1963. A wannan shekarar Jack Heuer ya fito da Carrera, ya yi wata dabara mai sauƙi: akwai wani zoben ƙarfe da yake riƙe gilashi daga ciki, sai ya buga layukan sakan a kansa, fuskar ta samu sarari ta yi numfashi. Idanu masu launi sabanin na fuska, baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi, wanda yanzu 'yan kasuwa suke kira panda, asalinsu don direban da yake gudu ne ya karanta da kallo ɗaya.

Sai kuma Datograph na kamfanin A. Lange & Söhne da ke garin Glashütte a Jamus, wanda ya fito a 1999. A lokacin har kamfanin Patek Philippe yana sayen gangar injin kuronogiraf ɗinsa daga wani kamfani ya ƙawata, bai fito da nasa irin na gargajiya da ake yi wa wani da hannu ba sai 2009. Lange, wanda aka farfaɗo da shi a 1990 bayan haɗewar Jamus, ya ƙera sabon inji tun daga tushe, don haka ya samu damar ajiye kowane sanda inda fuska take so. Aka saukar da idanu biyu ƙasa da tsakiya kaɗan, aka sa babbar tagar kwanan wata a sama, su ukun suka yi kusurwa uku daidai wa daida. Tagar kanta an ɗauko siffarta daga agogon gidan wasan Semper na birnin Dresden. Faifan kuma azurfa ne zalla, an rina shi baƙi. Hannun mintocin awo ba ya rarrafe, tsalle yake yi daidai lokacin da hannun sakan ya cika sittin, don kada mai karatu ya tsaya yana tantama ko minti huɗu ne ko biyar. A nan ne za ka ga inji yana yi wa fuska hidima.

Yanzu mu shiga maƙera. Yawancin fuskoki daga faifan tagulla suke farawa, masu tsada kuma azurfa ko zinare. A yanke shi, a huda masa ramukan hannaye, a liƙa masa 'yan ƙafafu biyu a baya da za su kama inji. Sai a rarake gurbin idanu su ɗan nutse, a zana musu da'irori sirara-sirara masu bin juna kamar na faifan garmaho. Wannan zanen yana da aiki: yana karya haske ta yadda ido zai bambanta da sauran fuska ko da launinsu ɗaya. Sauran filin kuma ko a goge shi da burushin waya daga tsakiya zuwa gefe ya riƙa walwali kamar hasken rana, ko a fesa masa yashi ya yi dishi-dishi. Launi yana zuwa ne ta hanyar tsoma faifan a ruwan sinadari da wutar lantarki, ko ta fesa fenti hawa-hawa ana gogewa. A fuska mai launi biyu sai an rufe wani sashe an rina wani, kuma bakin da launukan suka haɗu shi ne wurin da ake kama rago.

Rubutu da layuka da hatimi ake buga su. Ana sassaƙa zanen a farantin ƙarfe, a cika shi da tawada, a kankare saura, sai wani tattausan curi na silikon, wanda a da da jelatin ake yin sa, ya ɗauko tawadar ya dangwala a kan fuska. Kowane launi bugunsa daban, kowane ido bugunsa daban, kuma don rubutu ya yi tudu sai an maimaita bugu a wuri ɗaya ba tare da gocewa ko ta gashin kai ba. Sa madubin masu gyaran agogo a idonka ka duba. A aikin ƙwarai harafi yana da ƙiba, bakinsa a yanke tsaf, ƙananan ramukan cikin 4 da 6 da 8 a buɗe suke. A aikin gaggawa tawada tana malala, layukan sakan wani ya fi wani kauri. Alamun sa'o'i kuma, in na gaske ne, kowanne ƙarfe ne mai zaman kansa, sau da yawa zinare, an fere shi da wuƙar lu'ulu'u, yana da 'yan ƙafafu da ake zurawa a rami a danne ta baya, ɗaya bayan ɗaya, da hantsaki. Mai araha sai a tokare faifan daga baya alamar ta kumburo, a goge samanta. Daga nesa duk ɗaya ne. Ka karkata agogon ka duba gindin alamar, za ka ga ko dasa ta aka yi ko tsirowa ta yi.

Inda gardama ta fi zafi shi ne zanen da Faransawa suke kira giyoshe, wanda Abraham-Louis Breguet ya shigo da shi fuskar agogo a wajajen 1786. Injin yin sa ba ya amfani da lantarki. Maƙeri yana juya mariƙi da hannun hagu, faifan yana juyawa yana rausaya bisa wasu ƙafafu masu tudu da kwari, hannun dama kuma yana tura wuƙa cikin ƙarfen. Layi ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, kuma nauyin hannu dole ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In ya yi atishawa a layi na ɗari biyu, faifan ya tashi aiki. Breguet yana ba kowane sashe na fuska zanensa daban don ido ya raba su ba sai an ja layi ba, wanda kuwa shi ne ainihin abin da kuronogiraf yake bukata. Yau ana samun kamannin wannan ta hanya biyu masu sauƙi: a danna faifan da tambari mai nauyi, ko kwamfuta ta tuƙa wuƙar. Wanda ya taɓa cinikin babbar riga ya san zancen, aska takwas ta hannu da ta keke duk aska takwas ce, amma farashi ba ɗaya ba, kuma mai ido yana ganewa. Wuƙa tana barin kwari mai kaifi da sheƙi a cikinsa, tambari yana barin baki mai laushi. Ban ga laifin aikin tambari ba, akwai masu kyau ƙwarai. Laifin yana wurin mai tallan da zai kira shi aikin hannu. Tsakanin biyun akwai irin na kamfanin Audemars Piguet a agogonsa Royal Oak, 'yan murabba'an nan masu kama da saƙa, inda wani tsohon inji yake bin babban samfuri da yatsa ɗaya yana sassaƙa ƙaraminsa da ɗaya yatsan. Masu aikin hannu zalla sun yi ƙaranci, har wani maƙerin agogo ɗan Finland da ke zaune a Suwizalan, Kari Voutilainen, ya sayi masana'antar fuska sukutum don kada sana'ar ta kuɓuce masa.

Inamel kuwa ba baƙonmu ba ne. Shi ne farin abin nan mai santsi da yake jikin kwanonin jere na iyayenmu mata, wanda in kwano ya faɗi yake ɓantarewa baƙin ƙarfe ya bayyana. Gilashi ne da aka niƙa ya zama gari, aka wanke, aka barbaɗa a kan jan ƙarfe ko zinare, aka sa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 800 har ya narke ya kama. Shi ya sa ake kiran na gaske babbar wuta. Dole a shafa wa bayan faifan ma, in ba haka ba ya lanƙwashe. Ana yin hawa da yawa, kowane hawa da shigarsa wuta, kuma kowace shiga tana iya kawo tsagewa ko kumfa ko ɗigon ƙura da zai sa a jefar da aikin kwanaki. A kuronogiraf wahalar ninki ce, domin in ana son idanu su nutse sai an yi kowane ido daban, a huda babban faifan, a gyara bakin gilashin da magagari, sannan a haɗa su ta baya da dalma. Kamfanin Donzé da ke Le Locle yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe wannan aiki. Baƙin inamel ya fi kowanne tona asiri, shi ya sa da Patek Philippe ya fito da samfurin 5370 da baƙar fuskar inamel a 2015 masana suka miƙe tsaye. Ladan wahalar shi ne launinsa ba ya dusashewa, fuskar da aka gasa shekara ɗari da suka wuce tana nan kamar jiya. A kula dai, akwai abin da ake sayarwa da sunan inamel mai sanyi, wanda roba ce kawai da ba ta taɓa ganin wuta ba. Kuma sana'ar ba ta Turawa kaɗai ba ce: a 2016 Seiko na Japan ya fito da kuronogiraf iri biyu, ɗaya da fuskar inamel, ɗaya da baƙin ƙaron itacen urushi da ake shafawa da hannu a birnin Kanazawa, a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na manyan Suwizalan ba.

Patek Philippe da kansa masu yin fuska ne suka cece shi. A 1932, cikin karayar tattalin arzikin duniya, 'yan'uwa biyu Charles da Jean Stern, masu kamfanin da yake sayar masa da fuskoki, suka saye shi, kuma har yau yana hannun zuriyarsu. Samfurinsa na 1518, wanda ya fara fitowa a 1941 aka yi guda 281 kacal, yana ɗauke da wata fasaha ta gidan Stern: a sassaƙa rubutu da layuka a cikin faifan da hannu, a cika da baƙin inamel, a gasa, sai rubutun ya fito ya yi ɗan tudu. Irin wannan fuska tana jure wanki, amma kowane wanki yana cin wani abu. Shi ya sa masu saye suke zuba ido a kan 'yar alamar da ke saman harafin E na kalmar Genève. In tana nan da ƙarfinta, ba a wahalar da fuskar ba. A Nuwamban 2016 an sayar da ɗaya daga cikin huɗun da aka sani na ƙarfe a kan faran miliyan 11 na Suwizalan.

Hannaye su ma fuska ne. Shuɗin hannu na gaske ƙarfe ne da aka gasa har wajen digiri 290, ya bi ta ruwan ɗorawa da shunayya kafin ya kai shuɗi, a ɗauke shi cikin ƙiftawar ido. Na fenti shuɗinsa ɗaya ne ko ta ina ka kalla, na wuta kuwa yana komawa kusan baƙi in haske ya kauce. Dogon hannun sakan na tsakiya shi ya fi shan wahala: siriri ne, ga tsawo, kuma duk lokacin da aka danna maɓallin ƙasa sai ya koma sifiri da ƙarfin bulala. Dole tsininsa ya kai kan layuka, ana ma ɗan lanƙwasa shi ƙasa don kada kallon gefe ya yaudari mai karatu. Ka danna, ka tsayar, ka mayar, sau biyar. In bai dawo kan sha biyu cif ba kowane karo, sauran zancen duk surutu ne.

Ta baya, inda yanzu ake sa gilashi don a ga inji, ƙa'idar ba ta canza ba. Kuronogiraf na gargajiya yana da sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da yawa, kowanne ana ja masa layi a sama, a fere bakinsa, a goge shi har ya yi ƙyalli. Inda baki biyu suka haɗu a lungu mai kaifi, nan ne injin kwamfuta yake gazawa, domin wuƙarsa mai juyawa ce, lungunta kullum da ɗan zagaye. Lungu mai tsini hannu da magagari ne suka yi shi. Masu ƙirga irin waɗannan lunguna suna da gaskiyarsu, sai dai ni na fi damuwa da gaba. Baya sai ka cire agogo kake ganinsa, fuska kuwa sau hamsin a yini.

Sai mu zo inda kasuwa ta birkice mini. Fuska tana tsufa. Sinadarin haske na farko da ake shafa wa fuska don a karanta ta cikin duhu radiyam ne, wanda ya hallaka matan da suke shafa shi a masana'antun Amurka a shekarun 1920 saboda ana sa su gyara tsinin burushi da leɓe. Daga shekarun 1960 aka koma tiritiyam, wanda ake nuna shi da harafin T a gefen kalmar Swiss a ƙasan fuska, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. A ƙarshen shekarun 1990 aka koma wanda ba shi da guba. Tsofaffin biyun suna rikiɗa su koma ruwan madara ko ruwan ƙasa, masu tara agoguna kuma suna son haka. Wasu baƙaƙen fuskoki da fentinsu bai yi kyau ba tun asali, rana da laima suka mai da su ruwan cakulan, sai aka laƙaba musu sunan fuskar ƙasashen zafi, farashinsu ya tashi. Akwai wasu Daytona na tsakiyar shekarun 1990 da zoben idanunsu ya koma ruwan ƙasa saboda matsalar man da aka shafa musu, su ma aka sa musu sunan wani dillalin gwanjo, Osvaldo Patrizzi, suka fi lafiyayyun tsada. Wato kuskuren maƙera ya zama abin alfahari. A ɗaya gefen, fuskar da wani gwani ya wanke ya sake bugawa tsaf, ko wadda kamfani ya musanya da sabuwa lokacin gyara, tana zubar da darajar agogo warwas.

Na fahimci rabin wannan. Fuskar da ba a taɓa ba shaida ce, tana faɗin shekarunta, kuma wanda ya sake buga ta ya goge shaidar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira lalacewa gwaninta, ko sabon agogo ya fito daga masana'anta an riga an shafa masa launin tsufa, kamar yaro ya rina gemu fari don a ba shi wuri a majalisa. Kuma da zarar tabo ya zama kuɗi, masu ƙera tabo za su fito. A Nuwamban 2021 aka kawo wani Speedmaster na 1957 mai fuska ruwan cakulan gwanjo a Jeneba, an ƙiyasta ba zai wuce faran 120,000 ba, ya tashi a kan sama da faran miliyan 3. Mai sayen Omega ne da kansa, don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne, an tattaro sassansa daga wurare daban-daban, kuma yana zargin da hannun wasu tsoffin ma'aikatansa uku. Kamfanin da ya ƙera agogon, da kundin tarihinsa a hannu, shi aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

Yau kafin a biya miliyoyi a kan tsohuwar Daytona mai fuskar Newman, sai an haska ta da fitilar da take tona sinadarin haske, an gwada siffar kowane harafi da ta 'yan'uwanta da aka tabbatar, sannan a kira mai gyara ya fito da inji, ya zare hannaye shida, ya kifa faifan a kan tebur a nemi tambarin Singer a bayansa. Masu jabu ma sun koyi buga shi.